'Yan Daudu a Taskokin Tarihi: Matsalar Suna, Fassara da Shiru

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san tashoshin mota da bakin kasuwannin manyan garuruwan ƙasar Hausa, ya san 'yan daudu. Maza ne da suka ɗauki maganar mata da karairayarsu da wasu sana'o'insu, musamman dafa abincin sayarwa da suyar kaji. Bahaushe ya san su, yana cin girkinsu, yana dariyar habaicinsu, yana kuma jin ana tsine musu a wa'azi. Amma in aka tambaya tun yaushe suke, ko yaya zamansu yake a Kano ko Katsina a shekarar 1920, sai amsa ta yi wuya. Tarihin sarakuna da malamai da fatake an rubuta shi, an yi ta maimaitawa. Na waɗannan mutane kuwa sai dai tsintuwa.

Wannan giɓi ya buɗe ƙofa ga ra'ayoyi biyu masu karo da juna. Na farko shi ne na masu cewa daudu baƙon abu ne da zuwan Turawa ko finafinai suka kawo. Na biyu shi ne na wasu marubutan ƙetare da suke ɗaukar sunayen da ake ba wasu rukunonin jama'a a Turai da Amurka a yau, su liƙa wa mutanen da suka rayu suka mutu ba su taɓa jin waɗannan sunaye ba. Kowane ɓangare ya yanke hukunci kafin ya saurari shaida.

Manufar wannan maƙala ita ce duba irin shaidun da ake iya samu a rubuce, da yadda ya kamata a karanta su. Abin da take son tabbatarwa shi ne, matsalar wannan bincike ta harshe ce kafin ta zama ta tarihi. Kusan duk takardar da ta ambaci ɗan daudu, wani ne ya rubuta ta, da wani harshe, don wata bukata tasa. Ba aikin maƙalar ba ne halattawa ko haramtawa. Wannan fagen malaman addini ne. Aikin tarihi shi ne gano abin da ya auku da yadda aka rubuta shi.

2.0 Kalmar Daudu

A tsarin sarautun Hausa, Daudu laƙabi ne na girmamawa da ake kiran Galadima da shi. A cikin iskokin bori kuma akwai Ɗan Galadima, wanda ake sifanta shi da saurayi ɗan sarki, mai ado da caca da kyauta har ta wuce kima. A. J. N. Tremearne ya ambaci wannan iska a littafinsa na 1914 kan bori, wanda ya tattara yawancin bayanansa wurin Hausawa mazauna Tunis da Tarabulus. Fremont Besmer (1983), wanda ya yi nazarin bori a Kano, ya danganta sunan 'yan daudu da wannan iska, ya kuma nuna cewa sukan halarci wasannin bori. A Yarbanci ma akwai kalmar daodu mai nufin ɗan fari namiji, kamancin da ya cancanci kulawar masu nazarin kwatanta harsuna.

A nan matsala ta farko take. Kalmar ɗan a Hausa tana aiki biyu. Tana nuna haihuwa, kamar a ɗan sarki, tana kuma nuna sana'a ko ɗabi'a, kamar a ɗan kasuwa da ɗan dambe da ɗan tauri. Ke nan, in aka ga ɗan Daudu a wata tsohuwar wasiƙa, yana yiwuwa ɗan Galadiman gari ake nufi. Daɗin daɗawa, a rubutun Larabci ko ajami marar wasali, Daudu da Dawud, wato Dauda, kusan siffa ɗaya gare su. Mai binciken da ya yi gaggawa sai ya mayar da ɗan basarake ko ɗan wani Malam Dauda abin da ba shi ba ne.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce bin sawun kalmar a ƙamusoshi bi da bi: na Schön (1876), na Robinson (1899 zuwa 1900), na Mischlich (1906), na Bargery (1934), na Abraham da aka sake bugawa a 1962, har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006). Sai dai a riƙe ƙa'idoji biyu. Ta farko, shekarar da kalma ta shiga ƙamus ba ita ce shekarar haihuwarta ba. Shaida ce kawai cewa ta riga ta zaunu a bakin mutane kafin lokacin. Ta biyu, yawancin masu ƙamusoshin farko 'yan mishan ne ko jami'an gwamnati, masu ba su bayani kuma galibi malamai ne da dattawa, waɗanda kunya da mutunci kan hana su faɗin wasu kalmomi a gaban baƙo. Rashin kalma a ƙamus bai isa hujjar rashin mai sunan ba.

3.0 Rukunoni Uku da Ake Cakuɗawa

Rubuce-rubucen Larabci da malaman ƙasar Hausa suka gada sun san wasu rukunonin mutane uku da ya wajaba a rarrabe su da ɗan daudu, ko a auna kusancinsu da shi.

Na farko shi ne khunsa, wanda Hausawa ke kira mata-maza. Wannan batu ne na halittar jiki. Littattafan fiƙihun Malikiyya sun yi bayaninsa saboda hukuncin gado da aure da limanci. Muhtasar na Shehu Halilu, wanda aka wallafa a Masar a ƙarni na 14, aka kuma daɗe ana karantar da shi a zaurukan malamanmu, da mas'alar gadon mata-maza ya rufe. Saboda haka duk alƙalin da ya sauke wannan littafi ya san batun. Amma mata-maza ba ɗan daudu ba ne.

Na biyu shi ne baba, jam'i babanni, wato bayin da aka dandaƙe don hidimar fada. Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ce Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ne ya fara ba babanni sarautu. Sean Stilwell (2004) da Heidi Nast (2005) sun yi nazarin matsayinsu a fadar Kano. Su waɗannan tilas aka yi musu, kuma da yawansu sun riƙe iko da dukiya a matsayin maza na jikin sarki.

Na uku shi ne mukhannas, namijin da yake kama da mata a magana da motsi. Wannan ne ya fi kusa da ɗan daudu. Akwai hadisi sananne a Buhari, daga Ibn Abbas, mai la'antar maza masu kwaikwayon mata da mata masu kwaikwayon maza, kuma shi ne madogarar masu wa'azi a kan daudu. Everett Rowson (1991) ya nuna cewa a Madina ta ƙarnin farko na Hijira mukhannasai rukuni ne sananne, har wasunsu, irin su Ɗuwais, suka shahara da waƙa. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya bambance wanda aka halitta da wannan ɗabi'a, ba ya da laifi a kanta, da wanda ya ƙirƙire ta da gangan.

Muhimmancin wannan ga mai bincike shi ne, rajistar kotunan alƙalai a zamanin En'e da Larabci ake rubuta ta. Wanda ya tsaya gaban alƙali ya yi magana da Hausa, magatakarda ya mayar da ita Larabcin fiƙihu, daga baya wani ya taƙaita ta da Ingilishi don Di'o ya duba. Kalma ta ratsa harsuna uku kafin ta iso hannunmu. A kowane mataki, ana zuba ta ne a cikin mazubin da harshen ya tanada, ko ya dace da ita ko bai dace ba. Aikin Allan Christelow (1994) kan shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na wajen 1913 zuwa 1914 ya nuna irin arzikin da ke cikin waɗannan rajistoci, ya kuma nuna gajartarsu: shari'a guda sau da yawa layuka kaɗan ce.

4.0 Takardun Mulkin Mallaka

Hukumar adana takardun tarihi ta Nijeriya ta samo asali ne a 1954, bisa ƙoƙarin Kenneth Dike, tana da manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. A Kaduna ake ajiye takardun ofishin Sakataren Lardunan Arewa da na larduna ɗaiɗai, irin su Kano da Sakkwato da Zariya da Katsina. Akwai kuma Gidan Arewa da aka kafa a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

An tsara waɗannan fayiloli ne bisa bukatun mulki: haraji, naɗin hakimai, rikicin iyaka, rahoton shekara, kurkuku, kiwon lafiya. Ba a tsara su bisa sunayen da Hausawa ke kiran rukunonin jama'arsu ba. Mutum yakan shiga fayil ne in ya biya haraji, ko ya ƙi biya, ko ya tayar da fitina. Rahotannin kimanta haraji sukan ƙidaya masaƙa da marina da maƙera da mahauta. Ɗan daudun da yake sayar da tuwo a bakin kasuwa, in an ƙirga shi, a sahun masu ƙaramar sana'a zai faɗa, ba tare da wata alama ba. Saboda haka dole a neme shi a kaikaice, a cikin fayilolin da suka shafi bori, da karuwai, da barikin soja, da Sabon Gari, da sansanonin ma'aikatan kuza a Jos, da korar mata masu zaman kansu da sarakuna kan yi in fari ya tsananta.

Kwatanci da Indiya yana da amfani a nan, domin daular da ta mallaki Nijeriya ita ta mallake ta, kuma bincike irin wannan ya yi nisa a can. A 1871 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa wata doka a Indiya wadda kashi na biyu nata ya wajabta yi wa rukunin da ake kira hijra rajista, ya hana su sa tufafin mata da yin wasa a bainar jama'a, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara biyu. Jessica Hinchy (2019) ta yi amfani da rajistocin 'yan sanda da wannan doka ta haifar ta gano sunaye da sana'o'i da dabarun da hijra suka bi suna kauce wa hukuma. Ta kuma nuna yadda jami'an Ingila suka yi amfani da kalmar Ingilishi guda, mai nufin dandaƙaƙƙen namiji, ga hijra da kuma babannin fada, alhali rukunoni ne daban. Anjali Arondekar (2009) ta yi nazarin shari'ar wani mai suna Khairati a 1884, wanda aka kama yana waƙa cikin tufafin mata. Babbar kotun Allahabad ta soke hukuncin da aka yi masa saboda tuhumar ba ta faɗi lokaci ko wuri ko abokin laifi ba. A duk takardun shari'ar, muryar da ta fi ƙaranci ita ce ta Khairati.

Darasin da ke nan shi ne, takardu kan yawaita ne inda hukuma ta tsananta. Hijra sun cika rajista saboda an farauce su. Inda hukuma ba ta mayar da wani rukuni matsala ba, ba ta buɗe masa fayil. Ke nan, shirun takarda yana iya zama alamar cewa jama'a sun saba da abu har bai isa a kai rahotonsa ba. Wanda ya ce ba a ambaci 'yan daudu a rahoton Razdan ba, don haka babu su, daidai yake da wanda ya ce babu masu tallar fura a Kano saboda Razdan bai lissafa su ba.

5.0 Doka da Lafazinta

A 1904 Gwamna Lugga ya kafa kundin dokokin laifuffuka a Arewa, wanda aka kwaikwayo daga na Kwinsland ta Ostareliya na 1899, aka kuma shimfiɗa shi a duk Nijeriya a 1916. Amma yawancin talakawa Musulmi a kotunan alƙalai ake yi musu shari'a. Gab da samun mulkin kai, a 1958, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Shawarar kwamitin ce ta haifar da kundin da aka fi sani da Final Kod, wanda ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. An gina shi a kan na Sudan, na Sudan kuma a kan na Indiya na 1860.

Sashe na 405 na wannan kundi ya lissafa waɗanda doka ke ɗauka 'yan iskan gari marasa aikin yi. A cikinsu ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a, ya haɗa shi a jumla ɗaya da wanda ya mayar da luwaɗi sana'a. Abubuwa biyu ne abin lura. Na ɗaya, dokar ba ta yi amfani da kalmar daudu ba. Na biyu, tufafi ta kama. Binciken Rudolf Gaudio (2009), wanda ya zauna da 'yan daudu a Kano a shekarun 1990, ya nuna cewa a rayuwar yau da kullum yawancinsu riga da wando da hula suke sawa kamar sauran maza. Daudu a harshe yake, da motsin hannu, da sana'a, da abokan zama. Ɗaura zane yakan zo ne wajen girki ko wajen biki. Wato dokar da aka aro ta wani waje ta auna abin da ba shi ne ginshiƙin al'amarin ba.

Bayan da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoba 1999, wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi wannan tafarki. A shekarar 2000 Jihar Kano ta yi dokar hana karuwanci da sauran ayyukan baɗala, wadda ta wuce batun tufafi ta haɗa da kwaikwayon ɗabi'ar mata. A 2003 aka kafa Hukumar Hisba ta jihar da doka. A Agusta 2007 aka kama maza goma sha takwas a wani otal a Bauci, aka fara tuhumarsu da luwaɗi, daga baya aka mayar da tuhumar ta shigar mata da zaman banza. Philip Ostien (2007) ya tattara dokoki da takardun wannan zamani cikin mujalladai. Mai nazarin harshe zai amfana in ya jera waɗannan nassoshi, ya ga yadda ma'anar laifin ta faɗaɗa daga abin da mutum ya sa zuwa yadda yake magana da tafiya. Zai kuma lura cewa takardar tuhuma ba hoton abin da ya faru ba ce. Zaɓin ɗan sanda ne daga cikin sassan da doka ta ba shi.

6.0 Adabi, Jarida da Fim

Inda takardun gwamnati suka yi shiru, adabi yakan yi magana, amma da muryar mai faɗakarwa. Alhaji Aƙilu Aliyu yana da waƙa a kan ɗan daudu a cikin Fasaha Aƙiliya, diwanin da Ɗalhatu Muhammad ya shirya aka buga a shekarun 1970. Waƙar zambo ce da gargaɗi. Duk da haka shaida ce ta tarihi, domin mawaƙi ba ya ɓata baitocinsa a kan abin da masu sauraro ba su sani ba. Mai zambo, don ya ci nasara, tilas ya sifanta wanda yake zaga: maganarsa, tafiyarsa, wurin zamansa. Mai bincike sai ya tace sifar daga cikin zagin, kamar yadda ake rairaye tsaki daga gari.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairu 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, taska ce ta Hausar da mutane suka rubuta da hannunsu. Wasiƙun masu karatu da labaran kotu da ke cikinta su ne wurin da ya kamata a bi shekara shekara, a ga kalmomin da ake amfani da su da waɗanda ake haɗa su da su a jumla, kamar karuwa da kawali da ɗan caca. Abokan tafiyar kalma sukan faɗi matsayinta fiye da ma'anar da ƙamus ya ba ta.

A zamanin finafinan bidiyo, fim ɗin Ibro Ɗan Daudu na 2002, wanda marigayi Rabilu Musa ya fito a ciki, ya mayar da ɗan daudu abin dariya. Wannan ma ba muryarsu ba ce, amma ya adana yadda jama'ar Kano na lokacin suke jin maganarsu, da abin da suke ɗauka alamominta.

Nazarin ilimin zamantakewa ya fara ba da hoto mai ɗan faɗi daga shekarun 1970. Renée Pittin, wadda ta yi bincike a birnin Katsina a farkon waɗannan shekaru, ta bayyana zamansu a gidajen mata masu zaman kansu. Gerald Kleis da Salisu Abdullahi (1983) sun dubi aikinsu na shiga tsakanin waɗannan mata da maza masu nemansu, suka danganta shi da tsarin kulle da rabuwar duniyar maza da ta mata. Gaudio kuwa harshensu ya sa a gaba: amfani da lamirin mace a tsakaninsu, kiran juna ƙawa ko uwa ko 'ya, gwanintar habaici da karin magana, da wani zaurance da suke kira yaren harka. Ya kuma nuna cewa da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna salla, suna burin aikin Hajji, abin da ya sa sunayen da ake arowa daga Turai ba sa zama daidai a kansu.

7.0 Shaidar Baka da Misalin Ahebi Ugbabe

Tun da takarda ba ta wadatar ba, dole a koma ga baki. Kyakkyawan misali a Nijeriya shi ne aikin Nwando Achebe (2011) kan Ahebi Ugbabe ta Inugu-Ezike a ƙasar Ibo. Wannan mace Turawa sun naɗa ta mai riƙe da takardar sarauta a 1918, daga baya ta zama eze, wato sarki, matsayin da aka sani na maza ne. Ta auri mata bisa al'adar da Ifi Amadiume (1987) ta yi bayaninta a nazarinta na garin Nnobi. Ƙarfinta ya karye ne lokacin da ta fito da dodonta na kanta, abin da dattawan gari suka ɗauka haddi ne da mace ba ta ƙetarewa ko da ta zama sarki. Ta rasu a 1948. Achebe ta gina yawancin tarihin nan ne a kan hira da tsofaffi da waƙoƙin da jama'a suka riƙe, sannan ta gwada su da takardun da ta samu.

In mace mai sarauta da kotu da fada sai da aka koma ga tsofaffi kafin a san labarinta, ina ga mai suyar kaji a tasha? Haka kuma misalin ya tuna mana da ɗaya ɓangaren da ya fi ɓoyuwa a ƙasar Hausa, wato matan da suka ɗauki ɗabi'u ko ayyukan maza. Kundin tarihin Kano ya ambaci Sarauniya Amina ta Zazzau da yaƙe-yaƙenta saboda ta yi mulki. Talakar mace da ta yi fatauci ko noma ko farauta kamar namiji ba ta da marubuci.

Shaidar baka tana da nata sharuɗɗa. Tsoho yana tuna jiya da idon yau. Wanda ya yi daudu a ƙuruciya ya tuba, zai ba da labari da harshen tuba. Wanda ya ga tsananin da ya biyo bayan shekarar 2000 yana iya ƙawata zamanin da ya gabata fiye da yadda yake. Kuma irin Hausar da aka yi tambaya da ita tana sauya amsa: tambaya da Hausar boko daban, tambaya da Hausar kasuwa daban. Ya kamata a naɗi hirar, a rubuta ta yadda aka faɗe ta, da lamiranta da habaicinta, kafin a yi tunanin fassara. Ingilishi ba ya bambance kai da ke, saboda haka fassarar hira tsakanin 'yan daudu zuwa Ingilishi tana shafe babbar shaidar da ake nema tun a jumlar farko.

8.0 Amanar da ke Wuyan Mai Bincike

Wannan fage ba kamar nazarin jerin sarakuna ba ne. Mutanen da sunayensu ke cikin rajistar kotu ta shekarun 1960 suna da 'ya'ya da jikoki a raye, a cikin al'ummar da take ɗaukar asiri da mutunci da nauyi. Waɗanda za a yi hira da su kuma suna ƙarƙashin dokokin jihohi da aka ambata, da dokar tarayya ta hana auren jinsi da aka sa wa hannu a Janairu 2014, mai hukuncin ɗaurin da ya kai shekara goma sha huɗu. Ko da yake daudu da abin da wannan doka ta hana ba abu ɗaya ba ne, jama'a da jami'an tsaro sukan haɗa su. Saboda haka sakaya suna da unguwa wajibi ne, kamar yadda Gaudio ya yi a littafinsa. Mai bincike yana iya samun digirinsa ya koma jami'arsa, ya bar wanda ya ba shi labari da abin da ya biyo baya.

Amana ta biyu ita ce ta kada a cika giɓi da zato. In rajista ta ce an ci wani tara saboda shigar mata, abin da ta tabbatar ke nan. Ba ta faɗi abin da ke zuciyarsa ba, ba ta kuma faɗi sunan da yake kiran kansa da shi ba. Yana iya zama ɗan daudu, yana iya zama ɗan wasan tashe ko ɗan kama, yana iya zama ɓarawon da ya ɓad da kama.

9.0 Kammalawa

An ga cewa ɗan daudu yana bayyana a rubuce ta bakin mutum huɗu: malamin fiƙihu, jami'in mulki, mai tsara doka, da mawaƙi mai gargaɗi. Kowannensu ya ba shi sunan da ya dace da aikinsa, da Larabci ko Ingilishi ko Hausar wa'azi. Shaidun da ake da su, tun daga alaƙar sunan da laƙabin Galadima da iskar bori har zuwa nazarce-nazarcen Katsina da Kano, sun nuna abu ne mai saiwa a cikin al'ummar Hausawa, sun kuma nuna ba ya shiga mazubin da aka ƙera a wata nahiya.

Aikin da ke gaba na masana harshe ne tare da masana tarihi. Ana bukatar wanda ya iya Larabcin alƙalai da ajami ya bi rajistocin kotunan En'e, wani ya bi Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, wani kuma ya naɗi maganar tsofaffin masu abinci a tashoshi, a gida da zangon Hausawa na Kurmi. Kwatanta sakamakon da abin da ake samu a Yarbanci da Ibo da Nufanci da Barbarci zai nuna abin da ya keɓanta da Hausa da abin da aka yi tarayya a kansa. Takardun suna rubewa a ɗakunan ajiya saboda zafi da gara, tsofaffin da suka ga zamanin En'e kuma kullum raguwa suke yi.